A tace kafin a ƙirga, ko a ƙirga kafin a tace?

Wani tsohon ɗalibina da ke aikin tattara alƙaluman makarantu ya turo mini kuka. Yana son kwamfuta ta fitar masa da azuzuwan Damargu da yaransu suka haura 60, ita kuwa ta ƙi. Ya ƙirga yaran kowane aji da COUNT, ya raɗa wa sakamakon suna "yawa", sannan ya rubuta WHERE yawa > 60.

Kwamfutar ta fi shi gaskiya. A harshen SQL, WHERE tana tace layuka ne tun kafin a haɗa su rukuni-rukuni. A lokacin ba a ƙirga kowa ba, sunan "yawa" ma bai samu ba. Mai tacewa bayan GROUP BY ita ce HAVING. Ko a nan akwai bambanci: MySQL tana karɓar sunan da ka raɗa cikin HAVING, PostgreSQL kuwa sai ka maimaita mata COUNT(*) > 60.

Wannan kuskure bai dame ni ba, tunda na'ura ta tsayar da shi. Wanda ke wucewa shiru shi nake tsoro. A ce ya sa WHERE ta ɗauki yaran da aka tarar a aji ranar ƙidaya kaɗai. Umarnin zai tafi sumul. To amma a Tenhya da Tarka ƴaƴan makiyaya kan bi dabbobi, a Gangara da Olléléwa kuma kakar gero kan kwashe yara zuwa gona. Ajin da ke da yara 70 a rajista sai ya fito da 45, ya faɗi daga jerin masu neman ƙarin malami. Su dawo bayan kaka, su tarar da malami ɗaya tilo.

Ga kuma Belbédji, wadda sai a 2011 aka cire ta daga Tanout. Mai haɗa tsofaffin alƙaluma da sababbi jumla ɗaya, in bai lura ba, sai ya haɗiye ta cikin Tanout.

Shi ya sa nake ganin ya kamata mu koyar da wannan a makarantun horar da malamai. Abokan aikina na cewa malamin ƙauye da ko lantarki ba shi da shi, ina ruwansa da SQL? Ai shi ke cika takardar da ake shigarwa. A allo ma ana iya nuna masa: ga rajista, ga sunayen waɗanda suka zo yau, ƙirga kowanne daban, ka rubuta duka biyun a takardar.