Jirgin ruwan shaƙatawa da tukunyar uwargida

Tun da bidiyon manyan jiragen ruwan shaƙatawa suka cika wayoyin mutane, har a teburin mai shayi a Yelwan Tudu da ke Bauchi ana tafka musu a kansu. Wannan ya ce almubazzaranci ne tsagwaronsa, wancan ya ce in Allah ya hore masa, da iyalinsa za a tafi. Mu da ko teku ba mu da ita, ruwanmu bai wuce madatsar Gubi ba, amma zancen ya ƙi ƙarewa.

Abin ya kai a kalla. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finland, ya fara ɗaukar fasinja daga Miami ta Amurka a Janairun 2024. Tsawonsa kusan mita 365, yana iya kwasar mutum 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Unguwa ce sukutum a kan ruwa. Masu cewa wannan harkar giya ce da caca ma, Saudiyya ta rage musu hujja, domin a Disambar 2024 jirgin Aroya ya fara tashi daga Jidda zuwa cikin Bahar Maliya, babu barasa, akwai wurin salla.

Sai dai ni ba girman jirgin ne ya tsaya mini a rai ba. Ku sake kallon bidiyon da kyau, ku dubi matar gidan. A zaune take. Ba ta hura wuta ba, ba ta aiki yaro cefane ba, babu kwanukan da ke jiran ta. An biya kuɗi sau ɗaya, abinci na nan a jere, yara suna wurin wasa da masu kula da su, ɗaki kuma wani ne zai gyara. Abin da kamfanonin nan suke sayarwa ke nan: yini guda da babu wanda ke yi wa wani hidima a cikin iyali. Tekun ado ce kawai.

Yanzu mu dawo gida. Idan maigida a Yelwa ya ce ranar uku ga salla za a je gandun dajin Yankari a huta, wa zai huta? Tun kafin kiran assalatu uwargida ta ɗora shinkafa, ta soya kaji, ta haɗa zoɓo, ta cika kuloli. Ita za ta yi wa yara wanka, ta nemo takalmin da ya ɓace. A hanya, daga Dindima har ƙofar Mainamaji, ƙaramin yana kan cinyarta. An isa Wikki, ruwan nan mai ɗumi da ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina, maigida da yara maza sun faɗa ciki. Ita kuwa tana kan tabarma tana gadin kula, don biran wurin ba su da kunya, kana waiwaya sun sure leda. Da yamma a dawo, ta tarar da wanke-wanke. Gobe a majalisa sai ka ji, "Ai jiya na kai iyali shaƙatawa." Ka kai su dai, Alhaji, amma kicin aka ɗauka aka kai daji.

Ba na cewa mazanmu mugaye ne. Haka muka taso muka gani, kuma mata da yawa su ne za su fara cewa abincin waje ba ya ƙosarwa, ko kuɗin ya yi yawa. Gaskiya ne kuwa, a wannan tsadar ba kowa ne zai ciyar da mutum takwas a gidan abinci ba. Amma wanda ya iya zuba man mota zuwa Yankari da dawowa, bai kamata kuɗin masa da miyar taushe su gagare shi ba, a garin da masarsa ta yi suna a duk Arewa.

Kada kuma a ɗauka hutun jirgin daga sama ya faɗo. Masu dafawa da sharar yawanci 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna yin watanni ba su ga 'ya'yansu ba. Amma su ana biyan su albashi, kwantiraginsu yana da ranar ƙarewa.

Wasu na kiran a zuba kwale-kwalen shaƙatawa a Gubi. Ina so, amma da sharaɗi. Ba mu manta da Bagwai ba a Nuwambar 2021, lokacin da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a madatsar Watari. Duk wanda zai ɗora yara a kan ruwa, ya fara nuna mana rigunan kariya da adadin mutanen da jirginsa zai iya ɗauka, kafin ya nuna mana tikiti.

Abin da ya fi sauƙi, kuma ba ya buƙatar ko ɗigon teku, shi ne a kwaikwayi tsarin kuɗi ɗaya. Yankari ta buɗe wa jama'a tun 1962, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006, ga kuma gandun dajin Sumu a Ganjuwa. Me zai hana wani ɗan kasuwa ya tsayar da bas a bakin jami'ar ATBU kowace Asabar, ya ce ga kuɗin iyali guda: mota, abincin rana, yawon ganin namun daji, rumfar mata daban, da 'yan mata biyu masu lura da yara? Malaman jami'a da na kwalejin Gwallameji kaɗai sun isa su cika masa kujeru a watan farko. Sharaɗi ɗaya zan roƙa ya rubuta a jikin tikitin: ba a shiga da kula.