Ƙwallon Raga: Kowa na son duka, wa zai ɗaga?

 Yau za mu tsaya a kan ƙwallon raga, musamman aikin ɗan wasan da ke ɗaga wa abokansa ƙwallo su doka, wanda 'yan wasa ke kira seta.

Duk wanda ke leƙa wuraren da matasa ke ɗaura raga bayan la'asar, daga Muchia da sauran unguwannin Sabon Gari har zuwa Samaru, zai lura da abu guda. Kowa so yake ya yi tsalle ya maka ƙwallo a ƙasa a yi masa tafi. Idan aka ce wa zai tsaya ya ɗaga, sai a tura mafi gajarta ko wanda ya zo a makare. Shi ya sa za ka ga makaranta tana da dogayen yara masu ƙarfin hannu, amma ranar gasa a fitar da ita tun a zagayen farko. Ƙwallon ba ta iso wa masu dukan yadda za su iya amfani da ita ba.

Dokar wasan ce ta ba seta wannan matsayi. Kowane ɓangare yana da damar taɓa ƙwallo sau 3 kafin ta haye raga: karɓa, ɗagawa, sai duka. Taɓi na biyu na seta ne, don haka kusan kowane hari ta hannunsa yake bi, kuma shi ke zaɓar wanda zai doka. Lokacin da William G. Morgan ya ƙirƙiro wasan a garin Holyoke na Amurka a 1895, babu wannan tsari. A ƙasar Filifins aka fara salon ɗagawa da duka wajen 1916, sannan dokar taɓi uku ta biyo baya a 1920.

Kada gajarta ta karya wa kowa gwiwa. Yoshie Takeshita ta Japan tsawonta mita 1.59 ne kacal, amma ita aka zaɓa gwarzuwar gasar ƙwallon raga ta duniya ta mata a 2006, kuma da ita ƙasarta ta samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na Landan a 2012. Ragar mata tsayinta mita 2.24 ne, ta maza kuma 2.43. Abin da ya ɗaga ta shi ne saurin ƙafa, taushin hannu da kaifin ido, kuma duka ukun atisaye ke kawo su.

Atisaye na farko: siffar hannu

Ka ɗaga hannayenka biyu saman goshi, ka buɗe yatsu kamar za ka tallabi ƙwarya, manyan yatsu da manuniya su yi siffar kusurwa uku da za ka iya leƙa sama ta cikinta. Abokinka ya jefo maka ƙwallo sama, kai kuma ka shiga ƙarƙashinta ka cafke ta a nan saman goshi, ka tsaya cak. Yanzu duba: da ka janye hannu, a goshinka za ta faɗo? Idan a hanci ko a ƙirji za ta sauka, ba ka shiga ƙarƙashinta sosai ba. A cikin yatsu take zaune, ko ta taɓa tafin hannu? Tafin hannu ba shi da aiki a nan. Ku yi sau 20, ku canja. Cafkewar ta koyo ce kawai, domin a cikin wasa riƙe ƙwallo laifi ne.

Atisaye na biyu: kwance a tabarma

Ka kwanta rigingine ka riƙa tura ƙwallo sama kaɗan, kamar kamu biyu, tana dawowa kana mayarwa. Da yake ƙafa ba ta taimaka maka, yatsu da wuyan hannu ne ke yin aikin duka. Ka sa ido a kan zanen jikin ƙwallon. Idan tana tashi ba ta juyi, hannayenka biyu sun taɓa ta lokaci guda. Idan tana wulwulawa, ɗaya ya riga ɗaya, kuma irin wannan ce ke karkacewa, har alƙalin wasa na iya busa maka taɓi biyu. Ka fara da 30 ba faɗuwa, a hankali ka kai 100. Wannan ko a tsakar gida ana yi.

Atisaye na uku: bango

Bango abokin atisaye ne da ba ya gajiya. Ka nemi na siminti wanda babu taga kusa, ka kuma nemi izini tukuna, kada a je ana neman gwaninta a dawo da ƙara wurin iyaye. Ka yi alama da alli a sama da tsayin raga, ka ja baya taku biyu, ka riƙa auna alamar. Idan hannu ya faɗa, sai ka ƙara nisa. A nan za ka gane cewa ƙarfin ɗagawa daga ƙafa yake fitowa: ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ƙwallo na isowa ka miƙe gwiwa da gwiwar hannu tare.

Atisaye na huɗu: ƙafa kafin hannu

Yawancin ƙwallayen da suka lalace a hannu, tun daga ƙafa suka lalace. Mazaunin seta yana gaban raga, tsakanin tsakiya da ɓangaren dama, raga tana kafaɗarsa ta dama, fuskarsa tana kallon ɓangaren hagu inda babban mai duka yake. Ka tsaya a bayan fili, abokinka ya tafa ƙwallo, ka rugo wurin nan, shi kuma ya jefa ta inda ya ga dama: gaba, baya, ko can bayan layin mita 3. Aikinka shi ne ka riga ƙwallo isa, ka tsaya da ƙafar dama ɗan gaba, ka juya ƙirjinka inda za ka tura, sannan ka ɗaga. Wanda ya ɗaga yana gudu, ƙwallon gudun za ta bi. Sau 10, hutu kaɗan, a maimaita sau 3.

Atisaye na biyar: kusurwa uku

Wannan na mutum uku ne. Ɗaya a baya yana turo ƙwallo, seta a mazauninsa, na uku a gaba ta hagu ya ɗaga hannu sama. In babu na uku, a ajiye tsohuwar taya ko kwando. Ƙwallon ta tashi sama sosai ta sauko kamar rabin mita zuwa mita ɗaya daga raga. Wannan tazara tana da muhimmanci. Idan ka manna ta da raga, ka miƙa wa masu tarewa, kuma mai dukanka na iya taɓa raga ko ya sauka a kan ƙafar abokin hamayya ya gurɗe. Ku riƙa ƙirga nawa suka faɗa daidai cikin 20, ku rubuta a bayan littafi, don ku ga ci gaba daga mako zuwa mako.

Idan ta gaba ta zauna, sai a koma ta baya. Tsayuwar iri ɗaya ce, ƙwallon ma a saman goshi za ka tarbe ta. Bambancin kawai shi ne ka tura ƙugu gaba kaɗan, hannaye su bi ta saman kai zuwa baya. Gwanin seta shi ne wanda abokan hamayya ba sa gane inda zai tura sai ƙwallo ta bar hannunsa.

Atisaye na shida: ido

Wani ya tsaya a ɗaya ɓangaren raga. Da an turo ƙwallo, ya matsa dama ko hagu, kai kuma ka saci kallonsa ka tura ƙwallon ɓangaren da ya bari. Da farko za ta riƙa faɗo maka a ka, kowa ya yi dariya. Ku ci gaba, yau da gobe sai ido ya saba.

Akwai abubuwan da suka shafe mu a nan Zariya. Yawancin filayenmu a waje suke, kuma iskar hunturu tana kwashe ƙwallon da ta yi sama da yawa. Ranar iska, ka rage tsayin ɗagawa, ka ɗan tura ta wajen da iskar ke fitowa. Sanyi kuma yana fasa yatsu, don haka a shafa man kaɗanya da dare, ba dab da wasa ba, kada ƙwallo ta riƙa sulɓewa. A yanke farce, a motsa yatsu da wuyan hannu kafin a fara. Sannan kada a yi wannan atisaye da ƙwallon ƙafa don babu ta raga. Ta raga nauyinta giram 260 zuwa 280 ne, ta ƙafa kuwa ta haura 400, tana iya targaɗa yatsa ta kuma ɓata hannu. Gara ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa.

Minti 30 sau uku a mako ya isa, ba tare da an taɓa lokacin Islamiyya ko na bitar karatu ba. Waɗanda ke kusa da Samaru, idan kun samu dama da izinin iyaye, ku je ku kalli ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna atisaye. Kada ku bi ƙwallo da ido, ku kalli ƙafafun setansu. Kiranmu ga malaman wasanni kuma shi ne su ware yara biyu ko uku tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, maza da mata, su horar da su a kan wannan aiki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na ƙarshe shi ne hali. Idan mai duka ya ɓarar, seta ba ya harararsa, yakan sake ba shi don ya dawo da ƙwarin gwiwarsa. Idan karɓa ta yi muni har ba zai iya isa ba, ya ɗaga murya ya ce a taimaka, kada a tsaya kallon juna ƙwallo ta faɗi a tsakiya.

Ku gwada waɗannan, ku aiko mana da ƙirgenku na kusurwa uku da sunan makarantarku. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake karɓar sabis. Mu kwana nan.