Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masarautar Suleja Da Gwamnatin Jihar Neja: A Yi Wa Ladi Kwali Gida

 

Ni malamin makaranta ne. A darasin al'adu na zaro takardar naira ashirin, na juya bayanta, na tambayi yara wace ce matar nan da ta duƙa a kan tukunya. Aji ya yi tsit. Da na ce Ladi Kwali ce, kuma a nan Suleja ta yi aikinta, sai wata yarinya Bagwariya, wadda kakarta maginiya ce, ta ce, "Malam, to a kai mu mu ga tukwanenta mana." Na rasa abin faɗa. Hoto kawai na samo musu a waya, na wata randa da ke ajiye a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Wannan abu har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Fadar nan ce ta fara sanin darajarta. A gidan Sarkin Abuja (Suleja ta yau) Sulaiman Barau ne Bature Michael Cardew ya ga tukwanenta, kafin ya kafa cibiyar koyon ginin tukwane a garin. A 1954 ta shiga cibiyar, mace ta farko. Da hannu take ɗora yumɓu kan yumɓu tana zagaya randar, sannan ta tsaga zane a jikinta tun tana ɗanya: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi. Jikin randa shi ne takardarta. An baje aikinta a Landan a 1958, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

Mun sa sunanta a titi a Abuja, mun sa wa zauren taro, mun buga fuskarta a kuɗin da yau ko ruwan leda ba ya saye. Duk na gode. Amma titi ba ya koya wa yaro yadda ake jan layi a yumɓu. Mutanen Holan sun buɗe wa mai zane Van Gogh gida nasa shi kaɗai a Amsterdam tun 1973. A Meziko, gidan da Frida Kahlo ta zauna ya zama wurin kallo a 1958, har da gadonta da kayan zanenta. Ba kuɗi kaɗai suka fi mu ba. Mu ne muke raina abin da mace ta ƙauye ta yi da laka, sai Bature ya yaba sannan mu waiwaya.

Roƙona ba babba ba ne. Cibiyar da ke ɗauke da sunanta tana nan a Suleja. A ware gini guda ya zama nata ita kaɗai. A tattaro randunanta da ke hannun manyan gidaje, ko da aro ne, fada ta fara ba da nata. A ajiye hotunanta da lambobin yabonta, a rubuta bayani da Gwaranci da Hausa da Turanci. A ba tsofaffin maginan garin Kwali da na ƙauyukanmu rumfa su riƙa gini a gaban baƙi, domin roba ta riga ta kori tulu daga ɗakunanmu, kuma masu hannun suna ƙarewa.

Na san yadda irin wannan takarda ke ƙarewa a cikin fayil. Duk da haka matafiya na bin hanyar Kaduna dare da rana, suna tsayawa kallon Dutsen Zuma, kuma da sun ji akwai gidan Ladi Kwali za su ratso. Ɗalibaina na ajin ƙarshe za su fita a ƙarshen shekarar karatu. Ina roƙo a buɗe ko ɗaki ɗaya ne kafin lokacin, ni zan nemi motar kawo su.

Naku mai biyayya,
Wani malami daga Garam