Gadar Hilton Head Da Ci Gaban Mai Haƙa Rijiya

Tsibirin Hilton Head yana gaɓar Tekun Atlantika, a Jihar Karolina ta Kudu ta ƙasar Amurka. Kafin shekarar 1950 akasarin mazaunansa baƙar fata ne da ake kira Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Bayan sojojin Arewa sun kama tsibirin a 1861, lokacin yaƙin basasa, mutanen nan suka sami 'yanci, daga bisani suka sayi gonaki, suna noma da kamun kifi.

A 1956 aka buɗe gadar da ta haɗa tsibirin da tudu. Daga nan Charles Fraser, wanda mahaifinsa yake cikin 'yan kasuwar katako da suka sayi dajin wurin, ya kafa wurin shaƙatawa na Sea Pines a kan fili mai kimanin eka 5,000. A 1969 aka buɗe filin wasan golf na Harbour Town, wanda Pete Dye ya tsara, kuma Arnold Palmer ya lashe gasar farko a cikinsa. Nan da nan masu hannu da shuni suka yi ta kwararowa.

Babu mai musun cewa an sami hanyoyi da ayyukan yi. Amma da darajar ƙasa ta hau, harajinta ma ya hau, har ya gagari talaka. Abin da ya fi muni kuma, yawancin gonakin Gullah na gado ne da ba a raba ba. Idan ɗan kasuwa ya sayi rabon magaji ɗaya, yana iya zuwa kotu ta tilasta a sayar da gonar baki ɗaya. Ta haka gidaje da dama suka rasa ƙasar kakanninsu, har wata maƙabartarsu ta koma cikin shingen Sea Pines. Sai a 2006 jihar ta yi dokar da ta ba dangi damar fara sayen rabon ɗan'uwansu. Ihu ne bayan hari.

A ganinmu, alhakin yana wuyan hukuma, domin ita ta shigo da gada ba ta fara kare masu ƙasa ba. Ya kamata ma'aikatan gwamnati masu sa hannu a takardun filaye, da ɗaliban da za su gaje su gobe, su lura da wannan. Kafin a gayyato mai jari, wajibi ne a tabbatar wa mazauna wuri da takardun mallakarsu, a kuma yi musu sassaucin haraji. In ba haka ba, mai gida ne zai koma ɗan aiki a gonar ubansa.