Uban Talakawan da Ya Ƙona Littattafai

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu yabon Getúlio Vargas na ƙasar Barazil, wai duk laifin da ya yi, alherin da ya yi wa talaka ya shafe shi. Ni kam ban yarda ba, kuma ina ganin marubuci ne ya fi kowa cancantar ya ƙi yarda.

Kada a ce na yi masa rowar gaskiya. Vargas ya hau mulki a 1930 da ƙarfin soja bayan ya sha kaye a zaɓe. Shi ya kafa mafi ƙarancin albashi a 1940, ya tattara dokokin ƙwadago wuri guda a 1943, ya kafa kamfanin mai na Petrobras a 1953. Lebura ya sami hutu da kotun da zai kai ƙarar ubangidansa, har aka laƙaba wa Vargas suna uban talakawa. To amma waɗanne talakawa? Dokokin nan ba su haɗa da masu aikin gona ba, ba su haɗa da 'yan aikin gida ba, alhali kuwa a lokacin yawancin mutanen ƙasar a karkara suke. Wanda bai iya karatu ba ma ba shi da ƙuri'a, sai a 1985 aka ba shi. Wane irin uba ne zai ɗora tukunya ya raba wa 'ya'yan birni, na ƙauye su tashi da ƙanshi?

Mu zo kan abin da ya shafe mu. A watan Maris na 1936 aka kama Graciliano Ramos, ɗaya daga cikin manyan masu ƙagaggun labarai na ƙasar, aka tsare shi wajen wata goma ba tuhuma ba shari'a, har da zama a kurkukun tsibirin Ilha Grande. A Nuwamba 1937 Vargas ya rufe majalisa ya soke zaɓe, hujjarsa kuwa wata takardar jabu ce da aka ce shirin juyin mulkin 'yan gurguzu ne. Kwana tara bayan haka aka tara littattafai a bainar jama'a a birnin Salvador aka cinna musu wuta, ciki har da kwafi 808 na Capitães da Areia na Jorge Amado. Labarin yaran titi ne fa, marasa galihu, wato ainihin 'ya'yan da uban ke iƙirarin nasa ne! Monteiro Lobato, wanda yaran ƙasar suka tashi da littattafansa, an jefa shi gidan yari a 1941 saboda wasiƙar da ya rubuta wa shugaban yana sukar yadda ake tafiyar da harkar man fetur.

Duk wannan aikin mai mulki ne, ba abin mamaki a ciki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin 'yan uwanmu masu alƙalami. A cikin wannan shekara ta 1941 da Lobato ya shiga kurkuku, Majalisar Adabi ta Barazil, mai kujeru 40 kacal, ta zaɓi Vargas ya zama ɗanta, a 1943 ya je ya zauna a kujerarsa. Da wane littafi? Da tarin jawabansa na mulki. Ba wanda ya ɗora musu bindiga a ka, kwaɗayi ne, shi kuwa mabuɗin wahala ne. Fitaccen mawaƙi Carlos Drummond de Andrade ya shekara 11 yana shugaban ofishin ministan ilimi. Shi kansa Graciliano da ya fito, yunwa ta sa ya riƙa gyaran rubutu a Cultura Política, mujallar hukumar tace labarai da farfaganda da aka kafa a 1939. Shi ba na ganin laifinsa sosai, mai iyali ne da aka raba da aikinsa. Waɗanda nake tuhuma su ne ƙosassun da suka miƙa kujera.

Za a ce ai jama'a sun sake zaɓensa a 1950, kuma ranar 24 ga Agusta 1954 da ya harbe kansa a fadar Catete, tituna sun cika da masu kuka. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya shekara takwas rediyo da jarida da littafin makaranta suna hannunsa, kowane dare ana rera yabonsa, ƙaunar da ya girba shi ya shuka ta, kuma ya hana kowa shuka a gefensa. Kar a manta abin da ya kai shi ga harsashin nan ma ɗan jarida ne: shugaban masu gadinsa ya sa aka harbi Carlos Lacerda, ya tsira da rauni, wani manjan sojan sama ya mutu.

Marubutan sun farka, amma a makare. A Janairu 1945 suka yi babban taronsu na farko a São Paulo, suka fitar da sanarwar neman zaɓe da 'yancin faɗar albarkacin baki. Jaridu ba su iya buga ta nan take ba saboda masu tacewa. Watanni tara bayan haka soja suka sauke shi, amma kujerarsa ta Majalisar Adabi tana nan a hannunsa har ya mutu.