RA'AYI: Wanda ya durƙusar da motarsa, wajibi ne ya saita ƙafafunta

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sayen mota ko da 'yar Kwatano ce ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata a Abuja. Kowa ya koma lallaɓa tsohuwar da ke hannunsa. Matasa kuwa sun ƙara da ado: a samo tsohuwar BMW, Golf ko Honda Accord, a sa mata faffaɗan wili, a rage mata tsayi har cikinta ya kusa shafar kwalta. Ba na ƙin wannan sha'awa. Abin da nake ƙi shi ne a kashe dubbai kan ado, sannan a yi ƙyashin kuɗin saita ƙafafu, wato abin da makanikai ke kira alaimen.

Kamfanin da ya ƙera mota ya auna yadda kowace taya za ta zauna ne bisa tsayin da ya ba motar. Kusurwoyi uku ake kula da su: jinginar taya ciki ko waje, inda bakinta ya fuskanta, da karkatar sandar da take juyawa a kai, wadda ke sa sitiyari ya koma tsakiya bayan kwana. Da zarar an sauke mota, saman tayoyin kan kwanta ciki, bakinsu kuma ya kauce. Sai gefen ciki ya riƙa cinyewa, inda ido ba ya gani, alhali waje na nan kamar sabo.

Lissafin ba shi da wuya. Tayar da bakinta ya kauce da rabin digiri kacal, ana jan ta a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. Ma'aikacin da ke yin kilomita 50 a rana tsakanin gida da Sakatariyar Tarayya ya goge tayarsa a kan kwalta fiye da mita 400 ke nan. Asarar taya da ta mai ita ce ƙarama. Babbar ita ce ranar da ruwan Agusta ya sauka a titin Kubwa ko na filin jirgi, aka taka birki, motar ta zame. Wanda za ta faɗa wa bai zaɓi adon ba.

Wani zai ce ai wuraren saiti na kwamfuta sun cika Apo. Gaskiya ne, amma alƙaluman da ke cikin kwamfutar na motar da ba a taɓa ba ne. Motar da aka sauke kan kasa kai wa gare su, musamman a ƙafafun baya, inda motoci da yawa ba su da wurin gyara jinginar taya sai an sayo ƙusoshi ko hannuwa na musamman. Wani lokaci ma ba ta iya hawa teburin awo sai an shimfiɗa katako. Saboda haka mai mota ya tambaya tun kafin a taɓa: shin kun saba da irin wannan? Ya bari sababbin sifirin su zauna na wasu kwanaki. A fara duba bushin, tayarod da boljoyin, domin saiti a kan kayan da suka mutu gyaran gangar Auzinawa ne. A ƙarshe ya karɓi takardar awo ta kafin aiki da ta bayansa. Kada kuma a sayar masa da balansin da sunan alaimen. Wancan maganin rawar sitiyari ne, ba ya gyara kusurwa.

Yanke sifirin da injin yankan ƙarfe kuwa ganganci ne. Sifirin da aka gutsure kan iya fita daga mazauninsa idan mota ta faɗa rami, kuma yana kashe shokazoba da wuri. Araha ba ta ado.

A watan Oktoban 2024, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO ba su da hurumin tare motoci, kama su ko cin tarar direbobi a kan titi. Ko me mutum yake gani game da hukuncin, bai ɗauke wa mai mota alhakin lafiyar motarsa ba. Ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, da ƙungiyoyin makanikai su fitar da bayani a sarari kan iyakar sauke mota da abin da dole ya biyo baya. Hadiman da ke kula da motocin gidajen manya su ma su duba ta 'ya'yan gida, ba ta maigida kaɗai ba.

Mota taka ce, ka yi mata adon da kake so. Titi kuwa na kowa ne, kuma haƙƙin sauran masu bin sa ya riga sha'awarka.