Mu Ƙera 'Yan Jiragenmu Da Hannunmu

Akwai wata al'ada da ta shigo makarantu da dama a wannan zamani, wadda nake ganin lokaci ya yi da za a dube ta da idon basira. Idan ƙarshen zangon karatu ya zo aka ce kowa ya kawo aikin hannu, sai ka ga wani ya sayo tsintsiya a kasuwa, wani ya kawo sabulu, wani kuwa kuɗi zai miƙa a rubuta masa maki. An sami maki, amma hannu bai koyi kome ba. Ra'ayina shi ne a komo da aikin hannu na gaskiya. Aikin da nake ba da shawara a fara da shi kuwa shi ne ƙera 'yan ƙananan jiragen ruwa na ado, masu kama da kwale-kwalen da ke yawo a gulaben ƙasarmu, a gyara su, a ɗora su bisa mazauni, a ajiye inda kowa zai gani.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a duniya. A ƙasashen Turai yara da manya suna sayen kwali cike da gutsattsarin roba, wanda idan aka harhaɗa su sai su zama ɗan ƙaramin jirgin ruwa irin na da, watau mai tafiya da ƙarfin iska, mai dogayen sanduna da manyan ƙyallaye. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara sayar da irin waɗannan a shekarun 1950, kuma cikin na farko akwai kwaikwayon jirgin Golden Hind, wanda Francis Drake ya kewaye duniya da shi tsakanin 1577 da 1580. Akwai kuma Revell da Heller masu irin wannan sana'a. Cikin jiragen da aka fi sha'awar kwaikwayonsu akwai Cutty Sark, wanda aka ƙera a 1869 don ɗauko ganyen shayi daga ƙasar Sin, yanzu kuma yana ajiye a Landan mutane na zuwa kallo.

Yadda suke yi shi ne, mutum zai yanko kowane guntu da 'yar wuƙa, ya goge bakinsa, ya shafa wani irin gam da ke ɗan narkar da robar har ɓangarori biyu su zama ɗaya. Sai ya yi fenti, ya kafa sanduna, ya ɗaura zare siriri a madadin igiyoyi, aikin da kan ci makonni ko watanni. Idan ya gama sai ya kafa jirgin bisa katako da 'yan ginshiƙai biyu, ya rubuta sunansa da shekararsa, ya rufe shi da akwatin gilashi saboda ƙura. Lalle aikin yana koya haƙuri da natsuwa, ban raina shi ba ko kaɗan.

To, amma mu ɗaliban Tambuwal da Kebbe, shin shi ya kamace mu? Ni dai na ce a'a, saboda dalili uku. Na farko, kayan waje ne, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyayenmu. Na biyu, kamfani ya riga ya yi awo, ya yi zane, ya zuba robar, abin da ya rage wa ɗalibi shi ne bin lamba kurum. Na uku, jiragen nan tarihin wasu mutane suke ba da labari. Yaron Ingila da ya harhaɗa Cutty Sark labarin kakanninsa yake karantawa da yatsunsa. Mu fa, ina namu? Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce ai mu mutanen tudu ne, me ya haɗa mu da jirgi? Wanda ya faɗi haka bai dubi taswirar ƙasarsa ba. Gulbin Zamfara ya biyo ta Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya nufi Jega. Ta yamma da mu ga Gulbin Rima da fadamarsa ya gangara Argungu. A ƙasar Tambuwal ga tafkin Romo inda ake su. Da damina ta yi nisa, akwai ƙauyukan da manomi ba zai kai gonarsa ba, mai ciniki ba zai kai kasuwa ba, sai mai fito ya ƙetarar da su. Sarkawa kuwa, watau masuntan ƙasar Kabi, ruwa ne gonarsu tun kaka da kakanni. Masana tarihi sun kawo labarin cewa Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna a Surame, yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wanda yake yawo da shi idan fadama ta cika. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara shi a tsarinsa na yanzu a 1934, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa a 2016, ba kamun kifi kaɗai ake yi ba, har da tseren kwale-kwale.

Bugu da ƙari, a 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani kwale-kwale a binne. Da masana suka tono shi a 1994, suka auna, sai aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa mita 8.4, an sassaƙa shi daga gungumen itace ɗaya. Shi ne kwale-kwale mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya baki ɗaya. Ashe tun kafin a yi mafarkin Golden Hind, masassaƙan wannan yanki namu sun san yadda ake fafe itace ya ɗauki mutum bisa ruwa. Abin kunya ne a ce ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa jin wannan ba.

Yanzu bari in faɗi yadda nake ganin za a yi aikin. Da farko ɗalibai su tafi bakin gulbi tare da malaminsu, su gai da mai jirgi, su nemi izininsa, su auna kwale-kwalen da aka jawo bisa tudu. Kada kowa ya shiga ruwa da sunan awo. A rubuta tsawonsa, da faɗinsa a tsakiya, da zurfinsa, a zana siffar goshinsa da ta bayansa. A tambayi mai shi da wane itace aka yi, na gungume ɗaya ne ko na katako da aka harhaɗa, me ake toshe kafarsa da shi in ya fara yoyo, kuma mutum nawa yake ɗauka. Daga nan sai a dawo aji a raba kowane awo da 20. Jirgi mai tsawon mita 8 zai koma santimita 40, mai faɗin santimita 60 zai koma santimita 3. Idan na Dufuna ake so a kwaikwaya, tsawonsa zai zama santimita 42.

Kayan aiki kuwa duk suna kewaye da mu. Wa ya taso a ƙasar nan bai yi motar kara ba? Totuwar karan dawa da ɓawonsa, waɗanda muka yi motoci da su muna yara, su ne za su yi mana benci da sandar tuƙi da filafili. Jikin jirgin a sassaƙa shi da guntun tukurwa ko wani itace mai taushi wanda masassaƙi ya yar. Ƙaro ya isa gam, zaren ɗinki ya isa igiya, tsohon gidan sauro ya isa koma, ɗan ƙaramin duma ya isa gora. Idan an gama a goge shi sumul, a shafa masa man katako saboda gara da ƙwari. Mazauninsa kuwa ɗan katako ne mai faɗi, da 'yan sanduna biyu masu baki kamar gwafa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, yadda jirgin zai zauna daidai ba karkata. A manna takarda a rubuta irin jirgin, da garin da aka auno shi, da shekara, da ma'aunin da aka bi, da ajin da ya yi aikin. Saboda ƙurar hunturu sai a sa shi cikin kabad mai gilashi a ɗakin karatu, nesa da taga, don rana na sa itace ya tsage.

Duba ka ga darussan da aka ci a aiki ɗaya. An yi lissafi, domin rabawa da 20 ɗin nan ita ce ma'aunin da muke wahala da shi a darasin taswira. An yi zane. An yi tarihi. An yi Hausa, domin sunayen sassan jirgi da na kayan su suna bakin tsofaffi, kuma in ba a rubuta su ba za su tafi tare da masu su. Masassaƙan da suka iya riƙe gizago su fafe gungume suna raguwa, manyan itatuwa irin su maɗaci da rimi ma suna ƙaranci a dazukanmu. A ƙasar Masar, 'yan jiragen katako da aka tono a kabarin wani bafade a 1920 sun taimaki masana sanin yadda jiragen Kogin Nilu suke kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Wa ya sani ko ɗan jirgin da za mu ajiye a kabad shi ne zai nuna wa jikokinmu abin da kakanninsu suka hau?

Akwai kuma darasin da ya fi duk waɗannan, domin shi ya shafi rai. Duk mun ji labarin jirgin da ya nutse kusa da Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, inda mutane masu yawa suka rasu. Mun kuma ji na Gidan Magana a ƙasar Shagari, nan maƙwabtanmu, a watan Afrilu na 2022, inda aka rasa sama da mutum ashirin. Allah ya jiƙansu da rahama. A yawancin irin wannan hatsari za ka ji ana maganar lodi ya yi yawa, ko jirgi ya tsufa, ko babu rigar ruwa. To, a ƙera 'yan jirage biyu, ɗaya na ado, ɗaya na gwaji. A sa na gwajin a daro cike da ruwa, a riƙa jera masa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi zai ga da idonsa yadda bakin jirgi ke matsowa kusa da ruwa, har ya kai inda ɗan motsi kaɗan ya isa ya cika shi. A sake gwadawa, a tula tsakuwar sama ko a tara ta gefe guda, zai ga jirgin ya kife tun lodin bai kai na farko ba. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga wannan, in ya je mafita ya tarar an cika jirgi maƙil, zai haƙura ya jira sawu na biyu, zai kuma san dalilin da ya sa ake hana miƙewa tsaye a tsakiyar ruwa.

Na san akwai iyayen da za su ce wannan wasan yara ne, su jarrabawa suka turo mu mu ci. Iyayenmu, muna jin maganarku, amma sa'a biyu a mako ba za ta kayar da kowa ba, kuma abin da hannu ya taɓa ya fi zama a kai bisa wanda aka haddace. Wasu kuma za su ce makaranta ba ta da kayan aiki. Lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo injunan koyar da sana'a daga waje, amma a makarantu da yawa sun daɗe cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin masu koyarwa. Namu aikin ba ya jiran lantarki. Wuƙa, da ma'auni, da kara, da izinin shugaban makaranta, sun isa a fara. Wanda kuma Allah ya hore masa ya sayo na roba, ba laifi, sai a jera shi kusa da namu a kwatanta, a ga yadda kowace al'umma ta yi dabarar ruwanta.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su daina karɓar kuɗi ko kayan kasuwa a madadin aikin hannu. Ina roƙon iyaye, musamman waɗanda suka gaji su da fito da sassaƙa, su buɗe mana ƙofa idan mun zo tambaya. 'Yan'uwana ɗalibai kuma, kowane aji ya ɗauki jirgi ɗaya a wannan shekara, domin ranar ba da kyaututtuka iyayenmu su tarar da su a jere, kowanne da sunan garinsa. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya tsare matafiya bisa ruwa da tudu, ya kuma sa albarka a karatunmu da hannuwanmu, amin.